Jawabin Taron Shekara: Abin da Ke Cikin Ƙwayar Yisti

Mai girma shugaba, iyayenmu maza da mata, 'yan uwa na nan Ingila da na gida.

Idan na ce aikina binciken yisti ne, sai a yi dariya a ce ashe fanke nake soyawa a Turai. Yistin dai shi ne, na burodi da fanke. Halitta ce mai rai, ƙwaya ɗaya tak, sai an jera kusan 200 kafin su cika milimita ɗaya. Ayyuka da yawa a cikinta irin na ƙwayoyin jikinmu ne. Da yisti Yoshinori Ohsumi na Japan ya gano yadda ƙwaya ke narkar da tarkacen cikinta, ya samu kyautar Nobel a 2016.

Wahalar ita ce ganin cikinta. Tun 1873 Ernst Abbe na Jamus ya nuna cewa maikiroskof mai aiki da haske ba ya bambance abu biyu idan tazararsu ba ta kai kimanin nanomita 200 ba. Nanomita miliyan ɗaya ke yin milimita.

Ga dabarar da muke amfani da ita yau. A ce kana hangen gari daga nesa da dare, kowane gida ya kunna fitila: haske kawai za ka gani. Amma in gidaje kaɗan ke kunnawa bi da bi, za ka iya ɗiga alamar kowanne a takarda. Haka muke liƙa wa furotin abu mai ƙyalli, 'yan kaɗan su haska su mutu, mu ɗauki hotuna dubbai, kwamfuta ta haɗa su. Da haka ake kaiwa kusan nanomita 20. Eric Betzig da William Moerner sun samu Nobel a 2014 kan wannan hanya, tare da Stefan Hell mai tasa dabarar daban.

Abin ya shafe mu. Wani nau'in yisti, Cryptococcus, yana haddasa sanƙarau mai kashe masu cutar ƙanjamau da yawa a Afirka. Sanin cikin ƙwayar yana taimakawa wajen neman magani.

Ni ban taɓa leƙa maikiroskof ba sai da na shiga jami'a. A allo malaminmu yake zana mana shi. Roƙona shi ne a ware wani abu daga asusun bana a saya wa sakandaren garinmu ko da guda biyar na gama-gari. Yisti da ɗigon ruwa sun isa darasin farko. Na ɗauki nauyin guda ɗaya.

Allah ya bar zumunci.