Wutar Lantarki Daga Sharar Birane: Darasin Tashar Reppie ta Addis Ababa



Rahoton da Bankin Duniya ya fitar a 2018 ya ƙiyasta cewa duniya tana tara shara tan biliyan 2.01 a kowace shekara, kuma adadin zai kai tan biliyan 3.4 nan da 2050, yayin da ake sa ran sharar ƙasashen Afirka na kudu da Sahara za ta ninka kusan sau uku. Da yake biranen da shara ta fi yi wa katutu su ne kuma suka fi fama da ƙarancin wuta, tunanin mayar da juji tashar lantarki yana da farin jini a wurin masu mulki. Wannan lacca tana nuna cewa nasarar irin wannan aiki ta dogara ne a kan abin da ke cikin sharar da kuma tsarin kwashe ta, kafin ta dogara a kan girman injin da aka sayo.

Hanyoyi biyu ne suka fi shahara. Ta farko ita ce ƙonawa, inda ake zuba shara a kan wani shimfiɗaɗɗen ƙarfe mai motsi a cikin tanderu, zafin ya tafasa ruwa a tukunyar tururi, tururin kuma ya juya injin da ke haɗe da janareta. Birnin Notingham na Ingila ne ya fara gina tanderun ƙona shara a 1874, ko da yake manufarsa a lokacin ita ce rage tulin shara kawai. Ta biyu ita ce tatsar iskar gas, domin idan ragowar abinci da ganyaye suka ruɓe a inda babu iskar shaƙa, ƙananan halittu sukan mayar da su gas wanda kusan rabinsa metan ne, wato iska mai kamawa da wuta wadda za a iya tarawa ta bututu a kunna inji da ita.

Habasha ta zaɓi hanya ta farko. A watan Maris na 2017 wani ɓangare na jujin Koshe, wanda ya shafe kimanin shekara 50 yana karɓar sharar Addis Ababa, ya zabtare a kan gidajen da ke gindinsa, mutum fiye da 110 suka rasu. A watan Agusta na 2018 aka buɗe tashar Reppie a gefen wannan juji, wadda kamfanin Cambridge Industries da wani kamfanin injiniyoyi na ƙasar Sin suka gina wa hukumar lantarki ta ƙasar, kuma aka bayyana ta a matsayin irinta ta farko a Afirka. An tsara ta ne domin ta ƙona tan 1,400 na shara a kullum, ta samar da kimanin gigawat-awa 185 a shekara, sai dai bayan bikin buɗewa tashar ta yi ta fama da tsayawar aiki da kuma ƙona abin da bai kai adadin da aka tsara ba, cikin dalilan kuwa har da yanayin sharar kanta.

A nan ne ya kamata a tsaya a kan abin da injiniyoyi ke kira ƙarfin zafi, wato yawan zafin da kilo ɗaya na shara yake bayarwa idan ya ƙone. Jagorar Bankin Duniya ta nuna cewa ana buƙatar matsakaicin megajul 7 a kowane kilo a tsawon shekara, kuma kada ya gaza 6 a kowane lokaci, kafin shara ta ci da kanta ba tare da an ƙara mata mai ba. Sharar biranen Turai tana cika wannan sharaɗi saboda yawan takarda da kwali da roba, shi ya sa Suwidin take ƙona kusan rabin sharar gidajenta, har tana shigo da ƙari daga Norwe da Birtaniya, kuma tana sayar da zafin ga gidaje masu buƙatar ɗumi a lokacin hunturu, kasuwar da babu ita a ƙasashe masu zafi. Sharar biranen Afirka kuwa galibinta ragowar abinci ne mai danshi, haɗe da toka da rairayin da aka sharo daga tsakar gida, waɗanda ba sa cin wuta, kuma da damina lamarin yakan ƙara tsananta. Zuba irin wannan a tanderu daidai yake da tura ɗanyen itace cikin murhu, domin zafin yakan ƙare wajen busarwa kafin ya kai ga tukunya.

Akwai kuma tambayar ko wannan wuta ta cancanci a kira ta makamashi mai sabuntuwa, wato wanda tushensa ke sake samuwa ba tare da ƙarewa ba. Amsar ita ce ɓangaren da ya fito daga tsirrai, kamar takarda da itace da abinci, shi ne kaɗai mai sabuntuwa, alhali leda da roba, waɗanda suka fi ba da zafi, daga man fetur aka yi su. Ƙona su ba bisa ƙa'ida ba yana fitar da dayokzin, wani guba da ke taruwa a jikin mutum da dabba, saboda haka dokar Tarayyar Turai ta wajabta cewa hayaƙin ya kai zafin digiri 850 na aƙalla daƙiƙa 2, sannan a tace shi, a kuma killace tokar da matatar ta kama. Kuɗin wannan tacewa ba ya yankewa muddin tashar tana aiki, kuma birnin da ya kasa biyansa ya sauya ƙazantar ƙasa ne da gubar iska.

Birnin Durban na Afirka ta Kudu ya bi hanya ta biyu, inda ya haƙa rijiyoyin gas a jujin Mariannhill da na Bisasar Road, na biyun kuma ya kai ƙarfin megawat 6.5. Wutar ba ta da yawa, amma hanyar ta dace da shara mai danshi, kuma tana kama metan wanda ya ninka iskar kabon kusan sau 28 wajen ɗumama duniya a tsawon shekara 100.

Wannan darasi ya shafi birane irin su Kano da Kaduna da Maraɗi, musamman na Nijeriya, ganin cewa dokar lantarki ta ƙasar ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, abin da zai jawo masu tallan injuna zuwa gidajen gwamnati. Shara a waɗannan birane tana da masu ita tun tuni, domin manoman kewayen Kano sun daɗe suna kwasar takin birni zuwa gonakinsu, 'yan jari bola kuma suna tsince ƙarafa da robobi domin sayarwa, kuma tashar da za ta haɗiye komai za ta raba su da abin yinsu. Rumbun ruɓar da shara, wanda ke ba da gas ya kuma bar taki, ya fi kusa da wannan tsohon tsari.

Saboda haka abin da ya wajaba a kan kowace hukuma kafin sa hannu a kwangila shi ne ta auna sharar garinta da rani da damina, ta tabbatar da motocin da za su kai ta kullum, ta raba mai ruɓewa da mai ƙonewa tun daga kasuwa da unguwa, sannan ta san wanda zai sayi wutar da farashin da zai biya. Sai bayan an amsa waɗannan tambayoyi huɗu ne za a iya yanke hukunci tsakanin tanderu da rumbun gas.