Mata huɗu a bakin Kogin Cane

Lalita Tademy Ba'amurkiya ce baƙar fata da ta kai muƙamin mataimakiyar shugaba a kamfanin Sun Microsystems, sannan ta ajiye aikin don ta bi salsalar danginta a jihar Luwiziyana da ke kudancin Amurka. Abin da ta tono shi ya zama ƙagaggen littafinta Cane River, wanda ya fito a 2001, kuma Oprah Winfrey ta zaɓe shi a shirinta na karatu a waccan shekarar.

Mata huɗu ne ƙashin bayan labarin: Elisabeth, da 'yarta Suzette, da jikarta Philomene, da tattaɓa-kunnenta Emily. Dukansu cikin bauta aka haife su. Abin da dangi ba sa son tonawa shi ne dalilin da ya sa fatarsu ta yi ta ƙara haske daga uwa zuwa 'ya. Wani Bafaranshe ya yi wa Suzette fyaɗe tana yarinya. Philomene kuwa, bayan an raba ta da mijinta, ta haifa wa wani farar fata mai gonaki 'ya'ya, ta kuma lallaɓa shi har ta mallaki fili nata na kanta. A nan littafin ya fi ƙarfi, domin marubuciyar ta bar mai karatu ya ga irin tsaka mai wuyar da matar ta shiga.

Emily kuwa ta so wani Bafaranshe da gaske, amma doka ta hana su aure.

Tademy ta saka hotunan dangi da tsoffin takardu a tsakanin babuka, har da takardar cinikin bayi mai ɗauke da sunayen kakanninta.