Jawabi a kan Hisabin Kwanakin Ɗan Kurkuku

  

Ya ku malamai da almajirai, na tsaya gabanku yau da mas'ala guda ta hisabi. Ba ta gado ba ce, ba ta zakka ba, ita ce ta kwanakin ɗan kurkuku. Kun saba ji ana cewa shekarar gidan yari a Nijeriya wata 8 ce, domin mai kyakkyawan hali ana yafe masa sulusin ɗaurinsa. To, zan kai ku Amurka, zama can ne aka yi jayayya a kan irin wannan lissafi har gaban manyan alƙalai.

Ku sani, dokar gwamnatin tarayyarsu ta ce fursunan da ya kiyaye ƙa'idodin gidan yari ana rage masa har kwana 54 a kowace shekara. Jihohi kuwa kowace da tata doka. Wanda aka yi wa ɗaurin rai da rai ba shi da rabo a ciki. Wanda ya yi faɗa ko ya karya doka, a zauna a kan laifinsa, a zare masa kwanaki. Wanda ba shi da shaidar gama sakandare, kuma ya ƙi karatu, kwana 42 kaɗai zai samu. Ku duba, ya almajirai, ƙin karatu ya ci masa kwana 12 a shekara.

Sharaɗi kuma shi ne ɗaurin ya wuce shekara guda. Saboda haka wanda aka yanke wa shekara cif zai cika ta cif, wanda aka yanke wa shekara da kwana ɗaya kuwa yana iya riga shi fita. Shi ya sa wani alƙali kan ƙara wannan kwana, don jinƙai.

Ga inda saɓani ya faɗo. Wace shekara ake nufi: wadda alƙali ya yanke, ko wadda mutum ya zauna a ɗaure? Hukumar gidajen yari ta ɗauki ta biyu. Misali, an yanke wa mutum shekara 10. Idan ya cika 8 a ciki, ya tara kwana 432, fiye da shekara guda. Ta goma ke nan ba zai zauna ta ba, don haka ba a ba shi ladanta, ta tara ma wani yankinta ya faɗi. Jimla sai ta tsaya wajen kwana 470, watau kamar 47 a shekara. Fursunoni suka ce a'a, 54 sau 10 shi ne 540. Bambancin kwana 70 ne.

Wani fursuna mai suna Barber ya kai ƙara. A 2010 Kotun Ƙoli ta ba hukumar gaskiya, alƙalai 6 suka rinjayi 3. Sa'an nan a 2018 majalisa ta gyara lafazin dokar, ta ce a lissafa bisa abin da alƙali ya yanke. Da gyaran ya fara aiki a watan Yuli na 2019, aka saki mutum fiye da 3,000.

To 'yan'uwa, abin da nake so ku riƙe ke nan. Kwana 7 a shekara ƙanƙane ne a bakin alƙalami, amma ga mai 'ya'ya a gida kwana 70 ya fi Ramalana biyu. Wanda aka yi wa alkawarin sassauci idan ya gyara halinsa, ya kuwa gyara, tauye masa kwana guda tauye mudu ne. Kuma wanda bai iya lissafi ba, ba zai san an tauye shi ba.

Don haka ina roƙonku, malamai, ku koya wa yara hisabi kamar yadda kuke koya musu tsarki. Mai ɗan'uwa a ɗaure kuma ya je ya tambayi ranar da aka fara ƙirga, da kwanakin da aka yafe, da waɗanda aka zare da dalilinsu, ya rubuta ya ajiye.

Allah Ya kwance ɗaurarru, Ya shiryi masu hukunci, Ya sauƙaƙa mana namu hisabin ranar gobe. Amin. Wassalam.