Furen Daliya: Renonsa Domin Lambu da Domin Gasa



Maƙasudin wannan lacca shi ne a yi bayani a kan wata shuka da ake kira daliya, da yadda masu lambu a Turai da Amurka suke renonta, waɗansu domin ƙawata gida, waɗansu kuwa domin shiga gasa. Mai yiwuwa wani ya ce ina ruwan jami'a da fure, balle wanda galibinsa ko ƙamshi ba ya yi? Amsa ita ce, da wuya a sami shukar da ta fi daliya nuna abin da hannun ɗan Adam yake iya yi wa tsiro, da kuma nauyin da yake hawa kansa bayan ya yi.

Asalin daliya daga tuddan ƙasar Meziko ne da na Amurka ta Tsakiya, inda ake samun irinta na daji sama da 40. Danginta ɗaya da latas da shuwaka. Abin da ido yake ɗauka fure ɗaya, a haƙiƙa taron ƙananan furanni ne: na tsakiya su ne masu yin iri, na gefe kuma su ne masu launi, aikinsu jawo ƙudan zuma. Ta daji ba ta da wani ado mai yawa, yawanci kunnuwa takwas ne a jere ɗaya, sun kewaye ido rawaya. Francisco Hernández, likitan Sarki Filibus na Biyu na Sifen, wanda aka aika Meziko a 1570, ya rubuta bayaninta, amma sai a 1789 Vicente Cervantes ya aika da irinta daga birnin Meziko zuwa lambun sarki da ke Madrid. A can ne Antonio José Cavanilles ya raɗa mata suna a 1791, domin tunawa da Anders Dahl, wani masanin tsirrai ɗan Suwidin, almajirin Linnaeus. A Balin kuwa Willdenow ya sa mata suna Georgina, kuma da wannan suna Rashawa suka san ta har yau. An gwada cin saiwarta a Turai, gama ta yi kama da dankalin Hausa, amma ba ta karɓu ba. Furen ne ya tsaya. A 1963 Meziko ta mai da shi furen ƙasa.

Da aka tara irin daji dabam dabam a lambu ɗaya, sai ƙudan zuma suka gauraya su, abin da ya fito kuwa ya ba masu lambu mamaki. Dalilin yana cikin ƙwayar halitta. Galibin dabbobi da shuke-shuke da yawa suna ɗauke da kayan gado, watau kuromosom, jeri biyu, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Daliyar lambu jeri takwas take ɗauke da su, kuromosom 64 ke nan. Saboda haka in aka shuka ƙwayar iri ɗari daga uwa ɗaya, da kyar a sami biyu da suka zo daidai, kuma babu tabbacin ko ɗaya za ta gaji uwar. An sami ja da fari da rawaya da ruwan goro da shunayya da mai launi biyu. Shuɗi na gaske ne kaɗai ya gagara, domin shukar ba ta sarrafa sinadarin da ke kawo shi. Wani lokaci ma sa'a ce take aiki: a 1872 wani mai lambu a Utrecht ta ƙasar Holan, J. T. van der Berg, ya karɓi kaya daga Meziko, kusan duka sun ruɓe a hanya, sai guntun saiwa ɗaya da ya tsira, ya ba da jan fure mai kunnuwa sirara a naɗe. Daga wannan guntu aka sami tushen rukunin da ake kira kaktus. Rajistar duniya da ƙungiyar Royal Horticultural Society ta Ingila take riƙe da ita ta ƙunshi sunayen daliya sama da 57,000.

A nan ne nauyin da aka ambata ya shigo. Tun da ƙwayar iri ba ta riƙe kama, duk daliyar da aka raɗa wa suna ba ta da hanyar wanzuwa sai ta saiwa ko ta yankan toho. Watau duk wata daliya mai suna Bishop of Llandaff da ke duniya yau, jiki ɗaya ce da wadda Fred Treseder ya fitar a Kadif ta ƙasar Wels aka sa mata suna a 1924, an yi ta rarraba ta daga hannu zuwa hannu shekara ɗari. Kuma rabon yana da ƙa'ida. Dankalin Turawa yana da idanu a ko'ina a jikinsa, amma idon daliya a wuya yake kurum, inda saiwa ta haɗu da gindin tsohon kara. Saiwar da aka ɓalle ba tare da ɗan wannan wuya ba, komai girmanta, za ta iya yin jijiya a ƙasa amma ba za ta taɓa tsira ba.

Aikin farko ɗaya ne ga mai lambu da mai gasa. Ana neman wurin da rana take samu aƙalla awa shida, da ƙasa mai taki wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta, gama saiwar tana saurin ruɓewa. A Ingila ba a dasawa a fili sai ƙarshen Mayu ko farkon Yuni, bayan an tabbata sanyin da ke daskarar da raɓa ya wuce, domin dare ɗaya na irin wannan sanyi ya isa ya baƙanta ganye. Ana binne saiwa zurfin santimita 10 zuwa 15, a bar tazarar santimita 60 zuwa 90. Turke kuwa tun kafin a binne ake kafa shi, don kada ya soke saiwa daga baya, kuma tilas ne, domin karan daliya rami ne a ciki, iska kaɗan take karya shi. Takin zamani mai yawan naitirojin ganye yake bayarwa, fure ya yi ƙaranci. Dodon koɗi shi ne abokin gaba tun tana ƙarama. In ta kai kamar tsawon kamu biyu, sai a tsinke kan uwar kara, don ta yi rassa.

Daga nan hanya ta rabu biyu. Mai ƙawata gida yawa yake so. Yakan bar rassa su yi yadda suka ga dama, aikinsa kawai ya riƙa yanke furen da ya tsufa kafin ya ƙulla iri, gama muddin shukar ba ta yi iri ba, ba ta daina fure har sanyi ya kashe ta. Mai gasa kuwa, fure ɗaya yake nema a kan kowane reshe, kuma a rana ɗaya ƙayyadadda. A bakin kowane reshe kawunan fure uku suke fitowa, sai ya cire biyun gefe ya bar na tsakiya, ya bi reshen ƙasa yana cire tohon da ke hammatar ganye, don abinci duka ya tafi wuri guda. Mai neman manyan furanni ba ya barin fiye da rassa uku ko huɗu a shuka. Ranar tsinke kan kara ma lissafa ta yake yi daga ranar gasa ya dawo baya, domin gasanni a ƙarshen Agusta da Satumba ake yinsu, furen da ya riga ko ya makara da mako ɗaya kuwa ya tashi a banza. Waɗansu har rumfar leda suke kafawa a kan kunya saboda ruwan sama. Akwai kuma wani ƙwaro mai almakashi a wutsiya da ke cin kunnuwan fure da dare, wanda ake kama shi da tsohuwar dabara: a cusa ciyawa a tukunyar shuka, a kife ta a kan turke, da safe a kakkaɓe.

Ƙungiyar daliya ta Ingila an kafa ta a 1881, ta Amurka a 1915, kuma ƙa'idojinsu ba su da sassauci. An rarraba furanni bisa siffa da faɗi, daga 'yan ƙanana masu kamar ƙwallo da ba su wuce kimanin santimita 5 ba, har zuwa ƙatta da suka haura santimita 25. A Ingila alƙalai da zoben awo suke yawo, furen da ya fi ƙarfin zoben rukuninsa a fitar da shi, komai kyansa. Furanni uku ko biyar da ke cikin tulu ɗaya dole su zo daidai kamar an ƙera su. A rukunan masu cikakkun kunnuwa kuma, babban aibi shi ne a ga idon nan rawaya a buɗe.

Lalle gasa ta yi wa daliya hidima, domin ita ta kawo rajista da tsabtar suna da ƙwarewa. Amma tana da farashi. Furen da aka cika da kunnuwa har idonsa ya ɓuya, ƙudan zuma ba su samun hanyar shiga sai ya tsufa ya buɗe, watau abin da alƙali yake kira aibi shi ne abincin zuma. Bugu da ƙari, ƙatta da aka reno don tebur ba su cika kyau a lambu ba, kai ya fi ƙarfin wuya. Wannan yana cikin abin da ya sa masu lambun ƙawa a Ingila suka daɗe suna yi wa daliya kallon abin ƙauyanci, har sai da irin su Christopher Lloyd na Great Dixter suka dawo da ita. A 1993 ya tuge wardin da ke wani sashe na lambunsa ya zuba daliya da waɗansu tsirrai na ƙasashen zafi, kuma masu buɗaɗɗen ido da baƙin ganye, irin Bishop of Llandaff, su ne suka fi cin moriyar wannan dawowa.

Haɗarin da ya fi wannan shi ne cuta. Tun da kowace daliya mai suna jiki ɗaya ce, ƙwayar bairos da ta shiga uwa tana bin saiwa da toho zuwa duk 'ya'yan da aka raba. Ƙananan ƙwari masu tsotson ganye, dangin waɗanda ke kawo darɓa a dawa, su suke yaɗa ta, wuƙar rabo ma takan ɗauka. Alamarta ganye mai dabbare-dabbaren rawaya da tsumburewa, kuma ba ta da magani a lambu sai tugewa da ƙonawa. Da cuta da canjin yayi, daga dubban daliyoyin da aka raɗa wa suna a ƙarni na 19, 'yan kaɗan ne suka rage.

Ga mai sha'awar gwada ta a wannan yanki, abu biyu ne abin lura. Shuka ce ta tudu, birnin Meziko kansa yana bisa tsawon mita 2,240, saboda haka tana son dare mai sanyi, wurare irin Jos da Mambila sun fi dacewa da ita a kan zafin bazara na Kano ko Sakkwato. Na biyu, tsawon yini yana juya halinta: in ya gaza kimanin awa 12, sai ta karkata ga tara abinci a saiwa ta rage tsawo da fure. A nan kuwa yini ba ya kai awa 13 ko da damina, alhali a Ingila yakan wuce 16 a watan Yuni. Kada a yi tsammanin girman da ake gani a hotunan gasa.

Ajiya ita ce aikin ƙarshe a shekara. A ƙasashen sanyi, da zarar ganye ya baƙanta sai a sare kara a bar kamar santimita 15, a haƙo saiwa da cokalin haƙa a hankali don kada wuya ya karye, a kife ta kwana kaɗan ruwan da ke ramin kara ya tsiyaye. Sa'an nan a binne ta cikin yashi ko garin katako a wuri mai sanyi da ba ya daskarewa, a riƙa dubawa wata wata ana yanke wadda ta fara ruɓa. Kuma tun a ranar haƙa ake ɗaura wa kowace takardar sunanta, gama in an tara su a akwati, ko gwani ba ya iya bambanta saiwar wadda ta ci gasa da ta wadda aka yi niyyar zubarwa.