Jawabi Game Da Rufe Aiki Da Waiwayen Abin Da Ya Koyar



An umurce ni in yi magana a kan yadda a ke rufe aiki idan ya ƙare. To, ni aikina rubuta shari'a ne, saboda haka ta ƙofar kotu zan shigo wa zancen. A wurinmu shari'a ba ta ƙarewa ran da Alƙali ya furta hukunci. Sai an rubuta shi a littafi, an karanta wa masu ƙara, an karɓi abin da za a karɓa, an ba mai haƙƙi haƙƙinsa, kana a rufe. Haka aikin hukuma ya ke, ko rijiya ce, ko hanya, ko makaranta. Ranar buɗewa, da kakaki da algaita, ranar biki ce kawai. Rufewa tana nan gaba.

Mu duba aikin ruwa da lantarki na Challawa, wanda En'e ta Kano ta yi a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya yi sarauta daga 1926 zuwa 1953. Da kuɗin Baitulmali aka yi shi, aka gama a farkon shekarun 1930, aka jawo ruwa daga kogin Challawa zuwa birni. Aiki ne na alfahari, ba mai musu. Amma fa gama shi ya zo daidai da faɗuwar kasuwar duniya da ta fara a 1929, gyaɗa ta yi arha, kuɗi ya yi wuya a hannun talaka. Injin kuwa ba ruwansa da kasuwa, kullum yana bukatar makamashi da gyara da albashin masu tsaronsa. Watau kuɗin gini sau ɗaya a ke biyansa, kuɗin riƙo kuwa kowace shekara. Kada kuma mu manta, haraji da jangalin da suka cika Baitulmalin nan har da na manoman Makoda da Dambatta a ciki, waɗanda ba su sha ruwan famfon ba. Duk wanda zai rubuta lissafin ƙarshe na aiki irin wannan, ya kamata ya rubuta wanda ya biya da wanda ya amfana.

Misalin da ya fi koyarwa, a ganina, shi ne aikin noma na Mokwa, a lardin Neja, wanda aka fara a 1949. Wani kamfanin raya ƙasashen mulkin Ingila ne ya haɗa kai da Gwamnati, suna kwaikwayon aikin Jazira na ƙasar Sudan. Injuna za su share daji su yi huɗa, a zaunar da manoma su shuka gyaɗa da dawa, su yi noma su girbe, kamfani ya ɗauki kashi biyu cikin uku, manomi ya ɗauki ɗaya. A 1954 kamfanin ya janye da hasara. Abin yabo a nan shi ne ba a binne zancen ba. Wani masani, K. D. S. Baldwin, ya bi takardun aikin ya fitar da littafi a 1957, ya nuna inda gizo ya yi saƙa. Injin yana huɗe fili mai faɗi cikin 'yan kwanaki, amma cire ciyawa da fartanya ne, mutum da iyalinsa kuwa ba su iya zagaye wannan fili kafin ciyawa ta ci shuka. Ba a kuma gwada abin a ƙaramin wuri ba kafin a zuba dukiya. Da an tambayi kowane dattijo a Koguna eka nawa gida guda ke iya nomewa a damina, da ya ba da amsa ba ko sisi.

Yanzu mu dawo gida. Madatsar ruwa ta Tomas tana cikin madatsun da Jihar Kano ta gina a shekarun 1970, bisa shirin da aka fara a zamanin Gwamna Audu Bako, lokacin da farin 1973 ya nuna wa kowa darajar ruwa. Ƙasarmu kuwa kun san ta: gona na jingine da gona, ba saura, ba daji. Duk inda aiki ya sauka, ƙanƙane ko babba, gonar wani ya taka. A nan ne rufe aiki ya fi wuya, a nan ne kuma ya kan biyo mu kotu. Gona ɗaya ta kan zama ta magada shida ba a raba ba. Ko tana jingina a hannun wani. Ko aro ce. Ko kuwa ƙasar ta wani ce, ɗorawa da tsamiyar da ke ciki na wani. In aka miƙa diyya ga wanda aka tarar yana noma, ba a rubuta sauran ba, bayan shekara goma sai ga ƙara, ma'aikatan sun tashi, dagacin ya rasu, takarda babu. Dokar ƙasa ta 1978 ta sa ƙasa a hannun Gwamna, amma ba ta kawar da diyyar amfanin gona da itatuwa da gine-gine ba. Wanda ke ganin wannan ƙaramin abu ne, ya tuna da Bakolori, inda rikicin diyya ya kai ga zubar da jinin manoma a 1980, bayan an gama madatsar.

Saboda haka roƙona ga Hakimi da shugabannin ƙaramar hukuma, wadda ta gaji En'e tun 1976, shi ne kada a sallami ɗan kwangila sai an zauna zama guda, da dagaci da mai unguwa da ma'aji da mutanen wurin. A karanta sunayen waɗanda aka biya a bainar jama'a, leburori da masu gonaki, kowa ya sa hannu ko ya dangwala. A ƙidaya kayan da suka rage. A ambaci mutum guda, da sunansa, wanda riƙon aikin ya koma hannunsa, da inda kuɗin gyara zai fito. Sa'an nan a tambayi kowa abin da ya ba da wuya, a fara da ƙananan ma'aikata, domin in manya suka riga magana na ƙasa sai su ce haka ne. A rubuta duka cikin Hausa, kofi uku: ɗaya a ofishin Hakimi, ɗaya a ƙaramar hukuma, ɗaya a wurin dagacin garin.

Allah ya ja zamanin Sarki, ya ba mu damina mai albarka. Wassalamu.