AIKIN IDO DA SIRRIN MAJINYACI
Jawabin da aka gabatar a taron shekara-shekara na ƙungiya

 

Ni dai ba likita ba ne, alli da allo su ne sana'ata har na yi ritaya. Abin da ya ba ni bakin magana shi ne, ni kaina an yi mini aiki a idon hagu, kuma na sha raka dattawan garin nan asibiti da kuɗin da kuke aikowa.

Bari mu fara da yanar ido, domin ita ce ta fi damun iyayenmu. A cikin ido akwai wani ɗan madubi garai-garai wanda haske ke ratsawa. Idan shekaru suka ja, ko ciwon sukari ya kama mutum, sai madubin ya dushe, a riƙa gani kamar cikin hazo. Binciken makanta da aka gudanar a faɗin Nijeriya tsakanin 2005 da 2007 ya nuna cewa yana ce ke jawo kashi 43 cikin 100 na makantar waɗanda suka kai shekara 40 zuwa sama. Babu maganin ɗigawa da ke narkar da ita, aiki ake yi. Likita zai kashe zafin wurin, ya yi 'yar ƙaramar tsaga, ya fitar da madubin da ya dushe, ya sa na roba a gurbinsa. Wani likitan Ingila, Harold Ridley, shi ya fara dasa irin wannan madubi a Landan a 1949. Akwai kuma hanyar da na'ura ke farfasa yanar ta zuƙe ta. Tsagarta ta fi ƙanƙanta, an fi saurin warkewa, amma ta fi tsada. Dukansu biyu suna biyan buƙata idan hannu ya ƙware. Ana yin aikin yana a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da Asibitin Ido na ECWA da na Makkah a Kano, da asibitocin koyarwa.

A nan zan ja hankalinku. Har yanzu masu yawo ƙauye-ƙauye suna soka tsinke a ido su tura yanar can ciki. Mutum zai ga haske a ranar, ya yi murna, ya ba da akuya. Binciken da na ambata ya gano cewa fiye da kashi 40 cikin 100 na idanun da aka taɓa saboda yana ta wannan hanya aka taɓa su, kuma akasarinsu a makance aka same su. Mai yin aikin kuwa kafin ciwo ya tashi ya yi gaba.

Hawan jinin ido kuma wani abu ne daban. Shi jijiyar gani yake cinyewa a hankali, sau da yawa ba tare da zafi ba, kuma abin da ya tafi ya tafi. Magani ko aiki sai dai su tsare ragowar. Wanda ya haura 40, musamman in akwai ciwon a danginsu, ya je a auna shi.

Sai matasanmu da ke tambayata game da aikin leza, wanda ake kira LASIK, don su rabu da tabarau. Ana amfani da hasken leza a sake fasalin fatar nan garai-garai da ke gaban baƙin ido. Sai wanda ya kai shekara 18, kuma lambar tabaransa ta tsaya ba ta canjawa, kuma fatar tana da kauri. Yakan bar bushewar ido ko ƙyallin fitilu da dare, ba ya cire yana, kuma ba ya hana neman tabaran karatu idan an wuce 40. A ganina, wanda tabarau bai hana shi neman abinci ba, kada ya yi gaggawa.

Yanzu ga abin da ya fi ci mini rai. Wata shekara aka yi aikin ido kyauta a yankinmu, na raka wani dattijo abokin mahaifina. Aiki ya yi kyau. Amma washegari sai ga hotonsa a Facebook, ido a naɗe, ba hula, an rubuta sunansa da unguwarsa da cewa yana da ciwon sukari. Ba wanda ya tambaye shi. Mutumin da ko surukansa ba su san yana da wannan ciwo ba! Da jikansa ya nuna masa, ya ce da ni, "Malam, da na san haka ne da na zauna da yanata." Ido na biyu har ya rasu bai yarda an taɓa ba.

Doka ba ta yarda da wannan ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, a sashe na 26, ta ce duk bayanin da ya shafi ciwon mutum da jinyarsa da zamansa a asibiti sirri ne. Ba a fitar da shi sai da rubutacciyar amincewarsa, ko umarnin kotu ko na wata doka, ko buƙatar mai kula da yaro ko da wanda ba ya iya yanke hukunci, ko idan ɓoyewar za ta jefa lafiyar jama'a cikin babban haɗari. Sashe na 23 ya ba majinyaci haƙƙin a bayyana masa ciwonsa, da hanyoyin magani, da haɗarinsu da kuɗinsu, da 'yancinsa na ƙin yarda. Kundin Haƙƙoƙin Majinyata na 2018 ya nanata haka, sannan Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta tsaronsu.

To amma mu ma ba mu fita ba. Sau nawa aka sa takardar asibitin tsohuwa a zauren WhatsApp na ƙungiyar nan don neman gudummawa? Niyya mai kyau ce, na sani. Sai dai biyan kuɗin aiki bai mayar da kai mai sirrin ba, ko da mahaifiyarka ce. Kai da ke Abuja kana buga waya kana yi wa likita faɗa don ya ƙi faɗa maka sakamako, aikinsa yake yi. Ka nemi izininta tukuna. Hausawa sun ce ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba.

Saboda haka, mai girma shugaba, ina roƙon kwamitin lafiya ya ware mutum biyu, namiji da mace, su kaɗai za su riƙa ganin takardun masu neman taimako, sauranmu a faɗa mana adadin kuɗi kawai. Duk mai son kawo aikin ido kyauta garin nan, a sa masa sharaɗin ba hoto sai da yardar mai shi, kuma a karanta wa dattijo takardar amincewa da Hausa kafin ya dangwala yatsa. Ina fatan za a sa wannan a ajandar zaman gobe.