Jawabi a kan birkin motar ƙungiyarmu



Kun san ni ba makanike ba ne, aikina alli da allo. Amma da yake ni ke riƙe da littafin kuɗin ƙungiya, kuma ina cikin mota ranar da abin ya faru, shugaba ya ce in tashi in yi bayani.

Motarmu Peugeot 404 ce, wadda muke ce wa bashe. A 1960 aka fara ƙera irinta a Faransa, kun ga ke nan ta girme ni. Ita ke kai mana marar lafiya likita, ita ke ɗauko mana hatsi. A watan jiya muna dawowa Dannet daga Arlit, mu tara da buhunan gero. Mun bar kwalta muna gangarawa cikin kori, direba ya taka birki, ƙafarsa ta tafi har ƙasa, mota ba ta ji ba. Allah ya sa bai ruɗe ba. Ya sauke giya, ya dinga jan birkin hannu kaɗan kaɗan har rairayi ya riƙe ta. Da akwai garke a gabanmu, ko dutse, da yau zaman makoki muke yi.

Da muka leƙa ƙarƙashi, sai muka ga tiyon ƙarfe mai kai mai ga tayoyin baya ya daɗe da tsagewa. An yanke wurin, an sa guntun tiyon roba na fetur, an ɗaure da waya, shi ne ya fashe. Ban tambayi wanda ya yi wannan facin ba, ina kuma roƙon kada a tambaya, domin mu ne muka ce masa babu kuɗi.

Bari in faɗa muku yadda birki ke aiki, kamar yadda nake gaya wa yara a lakwal. Wani masanin Faransa mai suna Blaise Pascal, wanda ya rasu a 1662, ya nuna cewa idan aka matsa ruwa a rufaffen wuri, ƙarfin matsin yana kaiwa kowane lungu daidai. Idan direba ya taka, ƙafarsa na tura man birki cikin siririn tiyo wanda kaurinsa bai kai milimita 5 ba, man ya je ya tura takalman birki su kama taya. Iskar taya kilo 2 zuwa 3 ce. Matsin da ke cikin wannan tiyo kuwa yana iya kusantar kilo 100 idan aka taka da ƙarfi. To, ina robar fetur da waya za su riƙe wannan?

Motocin yanzu hanya biyu gare su: in ɗaya ta fashe, ɗayar ta rage. Tamu, kamar tsofaffin motoci da yawa, hanya ɗaya gare ta. Huda guda ta isa ta kashe birkin tayoyi huɗu a lokaci ɗaya.

A Turai tsatsa ke cin tiyo, saboda gishirin da suke zuba wa hanya lokacin ƙanƙara. Mu girgiza ke cin namu. Hanyar Tawa zuwa Arlit, wadda aka gama wajen 1980 don ɗaukar uraniyom, kowa ya san irin wahalar da ta ba motoci bayan kwaltarta ta tsufa, balle hanyarmu ta duwatsu. Ƴan ƙarafan da ke riƙe tiyo su faɗi, tiyo ya yi ta gogar jikin mota har ya hude. Zafi kuma yana tsattsaga tiyon roba na kusa da taya.

Na zauna da wani tsohon makanike a Arlit, na rubuta yadda ake gyaran ƙwarai, domin duk wanda muka aika da motar ya san abin da zai sa wa ido.

Na ɗaya: a cire tiyon duka, daga mahaɗa zuwa mahaɗa, a sa sabo. Ba a faci, ba a walda. A kwance da kile na musamman mai tsaga, wanda ke rungumar noti, don kile na kullum yana cinye kansa.

Na biyu: sabon tiyo ya zama na birki, na ƙarfe ko na tagulla mai haɗin nikel. Tagulla zalla irin ta firji girgiza tana taurara ta, ta karye.

Na uku: a lanƙwasa shi a hankali bisa siffar tsohon, kada ya lotse. A sa noti tukuna, sannan a buɗa bakin tiyo da na'urarsa, ba da ƙusa da guduma ba. Bakin ya zama irin na tsohon daidai, notin ma haka, domin zaren Peugeot dabam yake da na tsohuwar Land Rover. A fara ɗaurawa da hannu kafin a sa kile.

Na huɗu: a mayar da duk mariƙai, kada tiyo ya taɓa salansa ko wani abu mai motsi.

Na biyar: a zuba sabon mai daga rufaffen gwangwani, DOT 3 ko DOT 4, wanda ƴan gareji ke ce wa Lockheed. Wannan mai yana shan laima. Sabon DOT 3 ba ya tafasa sai ya kai digiri 205, amma wanda ya sha laima yana iya tafasa a 140, birki ya ɗauke a tsakiyar gangare. Man inji yana kumbura robobin ciki, ruwan Omo kuwa tsatsa da saurin tafasa yake kawowa.

Na shida: a fitar da iska. Aikin mutum biyu ne. A fara daga tayar da ta fi nisa da tukunyar mai. Ɗaya ya tattaka ya riƙe, ɗaya ya buɗe ɗan noti mai ya fita, ya rufe kafin wancan ya ɗaga ƙafa. Haka za a yi har kumfa ta ƙare, kuma kada tukunya ta ƙafe.

Na bakwai: a taka da ƙarfi a riƙe minti guda. In ƙafa tana nutsewa, aiki bai gamu ba. In ta tsaya, a gwada motar babu kowa a baya.

Iyayena, na san halin da ake ciki. Tun da aka rufe Cominak a watan Maris na 2021, gidaje da yawa da ake aiko musu kuɗi daga Akokan sun daina gani. Na kuma ji wasu na cewa tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne. Amma ku ne kuka koya mana a ɗaure raƙumi sannan a dogara ga Allah, ban kuma taɓa ganin ɗayanku ya hau raƙumi da ruɓaɓɓiyar akala ba.

Don haka abu uku nake roƙo a amince da su yau. Kowane gida ya ba da jika guda, ƴanuwa na gari su damƙa wa wakilinmu na wurinsu, a sake tiyo na ƙarfe da na roba gaba ɗaya, tunda shekarunsu ɗaya. Mota ba za ta ɗauki kowa ba sai an gama, ko da dattijo ne ya nema. Sannan kowace Juma'a direba ya duba tukunyar mai, ya leƙa bayan kowace taya. In ya ga danshi ya ajiye mabuɗi, kada kowa ya zarge shi. Lissafin abin da aka tara da abin da aka kashe zai fito a takarda mai zuwa.

In na yi kuskure a gafarce ni, yaro ne a gaban manya. Allah ya kiyaye mana hanya. Wassalamu alaikum.